Wa Zai Ciyar da Tintin, Manang Felisa?

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, Allah ya karɓi ran Felisa Dumalagan, wadda muke ce wa Manang, wato Yaya, a gidan rainon yaranmu da ke birnin Iloilo. Tana shanya wanki ta yanke jiki ta faɗi. Shekarunta sittin da uku, ashirin da shida daga ciki ta yi su ne tana renon yara masu lalura waɗanda iyayensu suka kasa riƙewa.

Manang, na zauna ne in yabe ki, amma wallahi haushinki nake ji.

Alherinki ba ɓoyayye ba ne. Ranar da ambaliya ta shigo mana, ke kika yi ta goyon yara ɗaya bayan ɗaya zuwa bene, ruwa har ƙugunki, kina zagin mu da muka tsaya kwashe takardu. Ni ma da na fara aiki a matsayin jami'ar da ke cike takardun yaran da za a kai ƙasar waje, ke kika koya mini riƙe jariri. Kika ce, "Inday, 'yar nan, ba buhun shinkafa ba ne, tallabe masa wuya!"

To amma ga Tintin. Shekararta huɗu, jijiyoyinta sun shanye, haɗiya tana yi mata wuya. Duk gidan nan ke kaɗai kike ba ta kunun shinkafa ba ta ƙware ba. Yadda kike karkata kanta, inda kike sa yatsa, lokacin da kike jira, babu wanda ya sani, don kullum sai kin juya mana baya. Da wasu mata da miji daga Beljiyam suka amince za su ɗauke ta, kamfanin da ya haɗa mu da su ya ba su kwana uku kacal su karɓe ta su tafi. Na roƙe ki ki faɗa mini in rubuta. Sau nawa na roƙe ki?

Kika ce, "In na faɗa, ki rubuta, su ninke takarda su hau jirgi ko? Su zo su zauna wata guda a gabana, ko su haƙura."

Na ce, "Manang, ko ni ki koya mini mana."

Kika ce, "Ke? Ke da kika rubuta 'tana ci da ɗan taimako'? Ɗan taimako! Ji ta da Allah."

Wannan kam kin yi gaskiya, ni na rubuta a takardar Tintin. Na san in na faɗi yadda abin yake, zai yi wuya a sami mai ɗaukarta, ga shi a can akwai likitocin da mu ba mu da su. Na sassauta magana don in sama mata gida, ke kuma kin ɓoye abin da kika iya don kada a tafi da ita a gaggauce. Amma haba, Manang! Wa ya ce miki ba za ki mutu ba?

Yau kwana shida. Mu huɗu mun gwada, kowa ta ƙware a hannunsa har ta yi shuɗi. Yanzu tana asibiti, an zura mata robar abinci ta hanci, tana ta fizge ta. Ta rame.

Shekaranjiya na sake cike takardar, na faɗi komai, na aika wa mutanen Beljiyam ɗin kai tsaye, kamfani ya yi fushin da zai yi. Na ɗauka za su fasa. Jiya matar ta amsa. Ta ce sun ji, za su zo, za su zauna wata biyu ma in ta kama. Abu ɗaya ta tambaya: wa zai koya musu?

Kin samu abin da kike so, Manang. Har yanzu ban ba matar amsa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanta Nestor, da ƙanwarta Manang Luding, da jikokinta biyar, da duk yaran da suka girma a bayanta. Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Ke kuma Manang, Allah ya ji ƙanki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da duk cokalin da kika kai bakin ɗan wani. Ya yafe miki taurin kanki, ni ma ya yafe mini abin da na rubuta. Tintin kuma, Allah ya buɗe mata baki a hannun waninki. Amin.