Ranar da Na Kwance Injin Madara

Injin ɗura madara a kwali da na yi aiki a kansa a wani kamfani a Challawa daga ƙasar Denmak aka kawo shi. Kowane sashe nasa yana da ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sunansa, kalma guda doguwa da babu wurin shan numfashi a cikinta. Ni da karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, ban ma gwada karantawa ba.

Baturen da ya zo harhaɗa injin dattijo ne, ba ya son gaggawa. Ya gan ni na zura wa wani allo ido, sai ya sa na faɗi kalmar gaɓa-gaɓa, yana buga sufana a jikin bututu: kø, le, vands, pum, pe. Sannan ya raba kølevandspumpe gida uku da yatsa. Na farko sanyayawa, na biyu ruwa, na uku famfo. Harafin s na tsakiya kuwa, ya ce aikinsa riƙe biyun kawai, kamar noti.

Dokarsa ɗaya ce: a fara daga ƙarshe, can abin yake, sauran kwatance ne. Mu famfon muke fara ambata, su sai sun gama bayani. Tsarin ya kwanta mini. Haka na bi injin allo bayan allo har na san sunan komai.

Daga baya lantarki ya yi ƙaranci, dizal ya gagara. Aka soke aikin dare, aka soke na yamma, sannan aka garƙame ƙofa. Na koma dakon kaya a Sharada, ina jiran a buɗe.

Wata rana manajanmu ya bugo waya. "Malam, gobe ka zo da kayan aikinka, injinka na nemanka." Na goge rigar aikina, na shaida wa matata cewa wahala ta ƙare.

A harabar kamfani na tarar da babbar mota, da sikeli, da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba tayar da shi za a yi ba?"

Manaja ya ce, "Da wace wutar, ta murhun gidanka? Kai ka san kansa. Kwance mana shi a hankali, kar waɗannan su sa guduma su lalata tagullar."

Na kwance shi. Na fara daga ƙarshe, na ajiye kowane sashe a jere, su kuma suna ɗauka suna jifa kan sikeli. Da aka zo kan famfon, na roƙi ubangidansu ya bar mini allon sunan.

Ya yi dariya. "Haba Baba, ai da shi aka auna!" Ya cilla famfon cikin mota.

Na iske matata a ƙofar ɗaki, tana tambaya ko aikin safe aka ba ni ko na yamma. Na tuɓe rigar na miƙa mata, na ce ta yi tsumma da ita.