Geron 'yata da aka yi kargonsa zuwa sama

Shekarun baya, lokacin 'yata ta fari tana ajin ƙarshe na sakandare, wani abu ya faru a gidana wanda har yau in na zo ba da labarinsa sai na tsaya a tsakiya na sake jera shi a kaina, domin tun a lokacin ban gama gane shi ba.

Ni mutumin Damagaram ne, na daɗe a Jidda. Ina aiki a wani ɗan ofishin kargo a Ammariyya. Alhazai da 'yan kasuwa su sayo kaya a Balad, tsohuwar kasuwar garin, abaya ne, dabino ne, darduma, turare, su kawo mana mu auna mu ɗaure mu tura Yamai ko Injamena ko Kano. Larabcina na kasuwa ne, ya ishe ni ciniki da neman hanya, daga nan kuma sai a hankali. 'Yata kuwa a nan Jidda, a unguwar Ruwais, aka haife ta. Tana jin Hausa tsaf, amma in za ta mayar maka sai ta gauraya, rabin zance da Hausa rabi da Larabci.

Wata rana na dawo cin abincin rana, ta shigo da gudu ko jakar makaranta ba ta ajiye ba.

"Baba, mun ci musabaƙa! Za a yi mana shahan zuwa fadha!"

Musabaƙa na san gasa ce. Shahan kuwa sana'ata ce, tura kaya. Amma kalmar ƙarshen nan, kunnena fada ya ji, wato gidan sarki. Na ajiye cokali.

"Fada? Ke da wa?"

"Ni da ƙawayena, Baba. Hukuma ce za ta biya sharika, sharika ta kai."

Sai na ji ƙirjina ya buɗe. A raina na ce makarantarsu za ta aika wa manya tsaraba, kuma 'yata tana cikin waɗanda aka zaɓa. Abu ɗaya ne ya ɗan sosa mini rai. Na ce mata, "Wane kamfani ne wannan? Me ya hana ki gaya musu babanki aikinsa ke nan? Ko Riyad ne ai muna kaiwa."

Ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa. Ni kuma na ɗauka murna ce, na taya ta.

Washegari na bi ta Balad wajen abokina, wani ɗan Cadi mai sayar da turare, wanda Larabci ya zauna a bakinsa fiye da ni. Ko gaisuwa ban gama ba na fara baza masa labari. Ya saurare ni yana zuba turare a ƙaramar kwalba, sannan ya ɗago.

"Fada ta ce maka, ko fadha?"

"Me ya raba su?"

Ya ɗaga yatsa ya nuna sama. Na bi yatsan da ido, na ga tagogin katakon nan na tsofaffin gidajen Balad.

"Ba nan ba," in ji shi. "Can. Gaba da gajimare, gaba da inda jirgi yake bi. Ka manta lokacin da ƙasar nan ta tura mutum biyu, mace da namiji, ana ta nuna su a talabijin? Ai kamfanin 'yan kasuwa ne ya ɗauke su, gwamnati ta biya musu kujera. Yanzu ka ga abin ya zo kan 'yan makaranta." Ya toshe kwalbar, ya rage murya. "Kuma mata suke so, ya akhi. Ba su da nauyi."

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da 'yata da mahaifiyarta a kicin. Na ce, "Zo nan. Wannan abin da kika ce, sama ne?"

"Aiwa, Baba! Yanzu ka gane! Za a ɗauke mu a kai mu mahaɗɗa da ke sama, mu yi watanni, a dawo da mu."

Ludayi ya faɗi daga hannun maiɗakina. Ta fara salati.

Na ce, "Halas. Babu inda za ki."

"La, la, Baba, ba ni ba, namu, yaʿni..."

"Na ce halas."

Sai ta juye gaba ɗaya zuwa Larabci, da sauri, da kuka, kalmomi suna hawa kan juna. Ban tsinci komai ba sai "Baba" da "wallahi". Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Gaskiya ba tsoron sama kaɗai ne ya kama ni ba. Wanda ya zauna ƙasar mutane da iƙama, wato takardar izinin zama, ya san abin da nake nufi. Baƙo ya fi son a manta da shi. Ka yi aikinka, ka sabunta takardarka, ka gaida kafilinka, ɗan ƙasar da ya tsaya maka, kada sunanka ya shiga bakin hukuma ko da alheri ne. Yanzu ga 'yata za ta kai sunan gidana har inda ban san iyakarsa ba. Na kwana ina juya wannan.

Gidan ya yi tsit na wasu kwanaki. Tana gaishe ni kanta a ƙasa, ta kawo mini shayi ta wuce. Yarinyar da in na dawo sai ta cika mini kunne da labarin makaranta. Abin ya dame ni ƙwarai, amma na kasa janyewa, tunda ban ma san daga me zan janye ba.

Maiɗakina ce ta lura da wani abu. Akwai gero da mahaifiyata ta aiko mana daga gonarta ta hannun wata hajiya, muna lallaɓa shi don fura. Ta ce mini, "Malam, 'yarka tana ɗiban geron nan. Na gan ta ta baza shi a faranti tana tsince ƙwaya ɗaya ɗaya tana kuka."

"Guzuri take haɗawa?"

"Ni ma abin da na ce ke nan."

Muka yanke ita ta je makarantar, tunda ta mata ce, namiji ba ya shiga. Ta tafi da safe, ta dawo kafin azahar, ta zauna ta cire niƙabi.

"Me suka ce?"

"Sun ce gero ne zai je."

"Gero da ita, ko gero shi kaɗai?"

"Wallahi ban sani ba. Sun dai ba ni gahawa, suna ta ce mini mabruk, wai barka."

Dole na tafi da kaina. Na tsaya a bakin ƙofa cikin zafin nan na Jidda mai sa riga ta manne a baya, mai gadi ya kira malamarsu a waya ya miƙo mini. Allah ya saka wa matar nan da alheri. Da ta ji irin Larabcina sai ta sassauta, tana magana kamar mai koya wa yaro karatu.

Ta ce babu ɗalibar da za ta je ko'ina. Gasa aka yi, kowane rukuni ya kawo shawarar abin da za a gwada a wata tasha da ke kewaya duniya a can sama. Rukunin 'yata suka ce a aika irin gero ya zauna can, a dawo da shi a shuka, a ga ko zai fito. Shawarar kuma daga bakin 'yata ta fito.

Hankalina ya kwanta. Amma maimakon in yi godiya in tafi, sai ɗan kargon da ke cikina ya tashi.

"Malama, wa zai karɓi kayan a can?"

"Akwai mutane a tashar. Za su ajiye shi."

"Su ne masu shi?"

"A'a. Za a dawo da shi."

Ni dai tunda nake ban taɓa jin kayan da ake turawa don a dawo da su ba. A wajenmu wannan sunansa matsala. Na ce, "To motar da za ta kai, ta wa ce?"

Ta ce ta wani kamfani ne a Amurka. Akwai mai ɗaukar kaya zalla, babu ko direba a ciki, akwai kuma mai ɗaukar mutane. Ta ce gwamnatin can ce ta tallafa wa kamfanonin tun farko suka ƙera, yanzu kuma tana biyan su duk lokacin da za su kai mata kaya ko ma'aikata, sauran ƙasashe ma su sayi wuri.

"Ta taimaka aka ƙera, kuma tana biyan kuɗin mota?"

"Na'am."

"Kuma motar ba tata ba ce?"

"Ba tata ba ce."

Ta yi mini bayanin dalili, wai hakan ya fi wa gwamnati sauƙi a kan ta riƙe komai da kanta, kuma kamfanoni in suna gasa da juna abin yana araha. Na yi ta cewa "ɗayyib, ɗayyib", yadda nake yi duk lokacin da zance ya wuce ni. Daga ƙarshe na yi tambayar da ta fi ci mini rai, na ce yarinyar ba 'yar ƙasa ba ce, ko hakan zai jawo mana wani bincike? Ta ce babu wanda ya tambayi wannan, ɗalibar makarantarsu ce. Abin da suke jira kawai amincewar uba. In ban amince ba kafin ƙarshen mako, dole a cire sunanta, sauran su ci gaba da irin alkama.

A nan bakin ƙofa na ce na amince. Har sau biyu na faɗa, don kada a sake samun kuskuren kunne.

Da yamma na ƙwanƙwasa wa 'yata ƙofa. Ta riga ta ji daga malamar, amma ta bar ni na gama kame-kamena. Na zauna a bakin gado na ce, "Duk abin duniya, me ya sa gero?"

Ta yi tunani, tana neman kalmomin Hausa ɗaya bayan ɗaya, don ta ga ina so in ji da kyau.

"Kaka ta ce... ko ruwa bai zo da yawa ba, shi yana fitowa. Ina so in gani, yaʿni, haƙurinsa ya kai ina."

Washegari na dawo daga aiki da kwali mai ƙarfi, da salatif babba, da buhu sabo. Na ce ɗaurin dai a bar mini, ba za a kai kayan 'yata wata duniya da ɗaurin wasu ba. Ta nuna mini hoton abin da za a zuba geron a ciki. Bai kai gwangwanin tumatir ƙarami ba. Kuma ba mu za mu rufe ba, wasu ne masu safar hannu a ɗakin gwaji. Na tsaya riƙe da kwalina kamar wanda ya zo biki ba a ranar ba. Ta ja ni muka zauna, ta turo mini farantin, muka tsinci ƙwayoyi masu kyau tare. A nan dai na fi ta ido.

Daga nan sai jira. A ce gobe za a harba, a ɗaga saboda iska. A sake sa rana, a sake ɗagawa. Jinkiri kam na san shi, jirgin ruwa ya koya mini. Amma in na tambaye ta yanzu kayan suna ina, sai ta ce suna Amurka. A wane sito? Ba ta sani ba. Wa ke gadinsu? Ta ɗaga kafaɗa. Na rasa inda zan sa kaina.

Ranar da abin ya tabbata, bayan la'asar ne a nan. Ta zo ofis da mahaifiyarta, abokina mai turare ya rufe shagonsa ya zo, muka taru a kan waya ɗaya tsakanin kwalayen mutane. Wani dogon abu fari yana tsaye. Sai hayaƙi, sai wuta, sai ya fara tashi a hankali kamar ba ya so. 'Yata ta riƙe hannuna tana ihu da Larabci. Ni kuwa bakina addu'ar matafiyi ya kama, wadda ake yi wa mutum in zai hau hanya. Geron gonar mahaifiyata, wanda jaki ya ɗauko daga gona zuwa gida.

Abin ya ƙanƙance, ya zama ɗigo, ya ɓace. Kowa ya miƙe ana mabruk, mabruk. Ni na ci gaba da kallon wayar, babu komai a ciki sai shuɗin sama. Maiɗakina ta taɓa ni ta ce, "Malam, ai an gama." Na ce na sani. Amma ban iya tashi ba.

Bayan watanni geron ya dawo. Ban sake ganinsa da idona ba, ɗakin gwaji aka wuce da shi. 'Yata ta nuna mini hoton wasu 'yan tsiro kore a cikin ƙananan kofuna, ta ce wasu sun fito wasu ba su fito ba, kuma wai duka biyun sakamako ne. Yanzu tana jami'a tana karatun noma. Har yau in aka tambaye ni wa ke da motar, wa ke da riba, wa za a kama in kaya sun ɓace a can, ba ni da amsa. Abokina yana da amsoshi, amma na daina ɗauka.

Abin da ya zauna mini daban ne. A aikinmu akwai mutanen da za su kawo kwali, a auna, a ɗaure, a sallame su, amma su ƙi tafiya. Tsohuwa za ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kwalinta a cikin tarin kwalaye, ta tambaye ka yaushe zai tashi, ka faɗa mata, ta sake tambaya. Shekara da shekaru ina ɗauka rashin yarda ne. Tun daga waccan la'asar na sa kujeru biyu a bakin ofis. Wanda ya kasa tafiya sai in ce masa ya zauna, motar tana zuwa, ya ga an ɗora da idonsa.