Tarihin da Kawu Ke Bayarwa a Tsakiyar Kogi

Shekara arba'in Kawu Mai Kwalekwale ya yi yana tsallakar da mutane kogin da ya raba garin biyu. Da ƙuruciyarsa ma'aikatan kamfanin jima yake ɗauka, da safe su tafi fes, da yamma su dawo suna warin fata. Da aka rufe kamfanin ya koma kan masu bulo da matan kasuwa. Bai taɓa kifar da kowa ba, kuma an shaide shi da sanin tarihi.

Shi ya sa ɗan ƙanwarsa, wanda 'yan gida ke kira Digiri tun da ya gama jami'a, ya nufe shi. Hukumar gari ta ɗauke shi aikin gwaji: ya rubuto asalin sunan garin, a sa a allon bakin sabuwar gada. In ya yi kyau, aiki ya tabbata.

"Shigo mu tsallaka, na ba ka a hanya," in ji Kawu.

Digiri na tsoron ruwa. Ya ƙanƙame gefen kwalekwale da hannu ɗaya, ɗayan yana rubutu, Kawu na zuba masa labarin wata makauniya da ta fara kafa bukka a bakin kogin, garin ya ci sunanta. Digiri ya buga shi shafi uku, har da jan layi.

Ranar da yake karanta wa kwamitin hukumar, shugaba ya katse shi. "Wace makauniya? Sunan wani majemi ne. Kawunka da bakinsa ya faɗa mini." Sakatariya ta ce ita sunan wata bishiya Kawu ya ce mata, ran da ruwa ya cika. Digiri ya tattara takardunsa ya nufi bakin kogi.

Ya tarar da Kawu yana liƙe tsagar kwalekwale da kwalta, ya tambaye shi me ya sa kowa da labarin da ya ba shi.

"Ɗana, in matsoraci ya zabura ya miƙe, duk mun kife. Sai in ba shi labari ya zauna. Haka babana ya koya mini. Kai da na ga idonka, sai da na ƙara wa baiwar Allah makanta."

"To na gaskiyar fa, Kawu?"

"Ina na sani? Ba ku ne kuka yi karatu ba?"

Ranar Litinin aka kafa allon, sunan garin kawai da kibiya. Aikin kuwa aka ba wani. Har yanzu in Digiri ya ji an ce "kwamiti", sai ya nemi wurin zama.