Ranar da Muka Tura Mota da Surukata a Ciki

Motar maƙwabcina ba ta tashi da makulli, sai an tura ta. Duk layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi an san da haka. Malamin kimiyya ne a wata sakandare, mutumin Kudancin Kaduna, kuma shi ke duba min karatuna na ajin manya. Ranar da aka yi wa matata aiki aka ciro jaririya a wani asibiti a Tarauni, shi ya ce zai kai mu.

Da ta farfaɗo, abu ɗaya ta nema, a kawo mata mahaifiyarta. Asibitin kuwa da an kira la'asar ake rufe ƙofar masu dubiya. Na zo gida a guje, na tarar surukata ta shirya, ita da ƙannenta mata biyu. Kafin in buɗe baki sun shige kujerar baya, an loda kuloli da tabarma da jarkar ruwa.

Na kama bayan motar. Malam ya buɗe ƙofarsa yana turawa da kafaɗa, hannu ɗaya a sitiyari. Ta motsa, amma da ƙyar. Layinmu gajere ne, a ƙarshensa akwai karyayyiyar kwalbati, kafin taya ta ɗauki gudu har mun iso bakinta. Ya faɗa ciki ya saki kuloci, ta yi tari ta mutu. Muka mayar da ita baya muka sake. Haka ta ƙara yi. Rana ta ƙwalle, layi ba kowa, ko mai faci ya rufe ya tafi.

Malam ya zagayo yana haki, ya rage murya.

"Angon ƙarni, ƙarfinmu bai ragu ba, da shi muka tayar da ita jiya. Nauyi ne ya ƙaru. In ƙarfi bai canza ba amma nauyi ya ninka, saurin ɗaukar gudu sai ya koma rabi. Ko a ƙaro hannu, ko a rage kaya."

Na ce, "To mu sauke kulolin."

"Kuloli?" Ya nuna kujerar baya da haɓa. "Ka ce su sauka."

"Ni? Malam, tunda na auri 'yarta ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba."

"To ni in faɗa."

"A motarka? Sai a ce korarsu ka yi."

Ya kama ƙugu yana dariyar takaici. Na yi tunanin adaidaita sahu, sai na ga shi ma sai na ce su fito. Na duba sama, na duba bakin layi, na koma na dafa ƙarfen nan mai zafi. Na tura har silifas ɗina ya tsinke. Matata na can tana kallon ƙofa, ni ina nan ina kokawa da mota. Daga masallacin unguwa na ji ladan yana hura lasifika.

Sai ƙofar baya ta buɗe. Surukata ba ta dube ni ba, da ƙannenta ta yi magana.

"Ku wai buhunan masara ne mu? Ku fito, za ku kashe ɗan mutane."

Ƙaramarsu ta ɗaura mayafi a ƙugu ta zo gefena. "Matsa, angon ƙarni. Tuwon da ake ba ka ina yake zuwa?"

An rage kaya, an kuma ƙaro hannu. Muna turawa motar ta kuɓuce min, saura kaɗan in kifa. Ba mu kai rabin layi ba ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe mu. Suka koma ciki, na zauna gaba da silifas a hannu.

Mun iso mai gadi yana jan ƙofa. Ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙafata, ya ɗan sassauta. Ban bi su ɗakin ba, na tsaya a baranda ina sauke numfashi. Ta taga na ji muryar matata, a dishe, tana cewa, "Inna, kin zo?"