Wasiƙar Da Na Aika Kan Tsufan Mahaifina

A shekarun da nake ba ku labari, tun kafin a samu 'yancin kai, ni matar aure ce a Azare mai 'ya'ya biyu, kuma babbar 'yar wani malami da waƙoƙinsa na wa'azi suka zaga ƙasar Katagum. Da tsufa ya kama shi, ni na yi jinyarsa. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya karye, har ya daina gane ni. Wani lokaci sai ya kira ni da sunan mahaifiyarsa yana kuka, ina ba shi kunu a baki.

Bayan rasuwarsa ɗalibansa suka rubuta tarihinsa aka buga a jarida, maigidana ya karanta mini. Wai Malam halwa ya shiga, ya daina magana da mutane saboda asirin da Allah ya buɗe masa. Raina ya ɓaci, don sun share duk haƙurin da ya yi da ciwo. Ban shawarci kowa ba, na sa maigidana ya rubuta wa jaridar da bakina cewa ciwo ne, ba halwa ba, har kukan da yake yi sai da na faɗa.

Ana bugawa martani ya yi ta zuwa daga Shira, daga Itas. Wani ya rubuta cewa 'yar da ta tona asirin ubanta ba za ta gama da duniya lafiya ba, wani ya ce bakin da ya faɗi haka sai ya karkace. Abinci ya gagare ni. Kullum na farka sai na shafa fuskata in ji ko tana nan daidai. Wata Juma'a, ana saukowa daga masallaci, ɗaliban suka cika ƙofar gidanmu. Na rungume yarana a ƙuryar ɗaki. Dutse ya faɗo tsakar gida ya fasa randa, na tabbata shigowa za su yi.

Baffana, ƙanin Malam, shi ya tare zaure. Ya ce musu da hannunsa ya riƙa juya ɗan'uwansa a shimfiɗa, duk mai ƙaryata ni ya fara da shi. Suka watse. Amma da ya shigo sai ya ce mini gaskiya na faɗa, sai dai Malam ba zai so duniya ta san ya yi kuka ba. Wannan ta fi jifan ciwo.

Yau na tsufa, jikokina ke tayar da ni zaune, na fahimci maganar Baffa. Masu rubuta tarihi, ku ji tsoron Allah, ku tambayi wanda ya yi jinya. Ku kuma masu jinya, kafin ku gyara ƙaryar wani, ku tuna mamaci ba ya iya jawo mayafi ya rufe kansa.