Shafi na Biyu na Malamin Doguwa

Ni dai ban roƙi aikin nan ba. A ƙarshen shekarun casa'in ne aka kawo wa reshen kwalejinmu da ke kusa da Bebeji kwamfuta guda ɗaya tal, aka ja mata layin waya, aka ajiye ta a wani tsohon sito a bayan ofis. Shugaban sashenmu ya kira ni ya ce tunda na iya buga tafireta, ni zan tsara darussan da za a riƙa turawa ta waya ga malaman firamare na Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ba za su iya barin ajinsu su zo su zauna a namu ba. An riga an gaya musu duk wanda bai sami sabuwar takardar shaida ba, za a raba shi da alli. Na ce masa ban taɓa koyar da mutumin da ba na gani ba. Ya ce to, yanzu zan fara.

Ga yadda abin yake tafiya. In buga darasi, in tura shi ta imel zuwa wani ofis a Tudun Wada. Akawun ofishin ya fitar da shi a takarda, a ba direbobi da 'yan acaba su rarraba ƙauye-ƙauye. Malamai su rubuta amsa da hannu su aiko masa, shi kuma ya buga ya turo mini. Wannan muke kira karatu ta intanet, har muna ɗaga kafaɗa.

Ban taɓa sanin da fuskokin mutane nake koyarwa ba sai da na rasa su. A aji, da na ga goshi ya tattare, na san in koma baya. Da na ga ana hamma, in jefa wasa. A siton nan kuwa daga ni sai ƙarar fanka. Na buga “Kun gane?” a ƙarshen darasin farko, na zauna ina kallonsa kamar wani zai amsa, sannan na goge. Abokan aikina suna can gindin darbejiya suna ta hira, in na wuce su ce ga angon kwamfuta nan, yaya amarya. Iyalina suna Kano, ni ina ɗakin haya a garin Ƙofa. Akwai ranar da na lura tun safe har la'asar ban buɗe baki na yi wa kowa magana ba, in ban da sallamar salla. Gaskiya kaɗaici ya dame ni, kuma ni in abu ya dame ni faɗa yake zama.

Da haka na lallaɓa na fitar da tsari. Kowane darasi ya fara da abin da ake son malami ya iya in ya gama, sai bayani a taƙaice, sai misali, sai tambayoyi uku. Darasina kan yadda ake koya wa yara lissafi ne. Matsalar ita ce layin waya. Kana cikin karɓar dogon saƙo sai ya tsinke, a sake daga farko. Da abin ya ishe ni, na kafa doka da manyan baƙaƙe na tura wa akawu: amsar kowa shafi ɗaya, abin da ya wuce haka kada akawu ya buga. Na ji daɗin dokar nan ƙwarai, ina ganin na yi dabara.

Amsoshi suka fara shigowa, gajeru, busassu. Sai na wani dattijo guda, malami a wata makarantar 'ya'yan makiyaya a bayan Doguwa, wanda aka ce ya girmi mahaifina ko kuma sa'ansa ne. Nasa saƙon gaisuwa ce zalla. Ya yi sallama, ya tambayi lafiyata da ta iyali, da gajiya, da ruwa, da haƙuri da jama'a. Ya gaishe da iyayena in suna raye, ya yi musu addu'a in sun rigaye mu. Ya ce Allah ya saka wa malamin da yake wahala dominsu bai taɓa ganinsu ba. Shi ke nan, babu amsa ko ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, na karanta saƙon nan sau uku. A duk shekarar babu wanda ya tambaye ni gajiya sai shi. Amma da na biyu ya zo haka, na uku ma haka, sai raina ya ɓaci. Na ce wato tsohon nan so yake ya saye ni da daɗin baki, ya wuce ba tare da ya yi aikin ba. Na zauna na buga masa: “Malam, ba gaisuwa muke nema ba. Har yau ban ga abin da zan kira amsa daga wajenka ba.” Na tura, har ina jin na yi maganin raini.

Daga ranar bai sake aiko komai ba. Duk Litinin in duba, in ce ka gani ko, dama ba shi da abin faɗa. Amma ina dubawar. Da zango ya ƙare na miƙa sunayen waɗanda suka kammala, babu nasa a ciki.

Sai bayan damina aka ce in je Tudun Wada in kwaso takardun malamai na asali, a adana. Akawun, wani mutum mai sanyin magana, ya turo mini kwali. Ina jerawa na ci karo da na dattijon. Kowace wasiƙa shafi biyu ce, an ɗinke kusurwarta da zare. Rubutunsa manya-manya ne, gaisuwa ta cinye shafin farko kaf. A na biyu kuwa ga amsoshi nan, ɗaya, biyu, uku, a jere. Inda na tambayi yadda za a koya wa yara rabin rabi ba tare da littafi ba, ya rubuta yadda yake sa a kawo ƙwaryar nono da ƙoƙuna huɗu, yara su raba da ludayi su ga abin da idonsu. Ni da nake malamin kwaleji ban taɓa kawo misalin da ya kai wannan ba.

Na hau akawun nan da faɗa, na ce wane irin aiki ne wannan, ba shi da ido ne. Ya ja aljihun tebur ya zaro takardata mai manyan baƙaƙe ya ajiye a gabana.

“Kai ka ce shafi ɗaya, Malam,” in ji shi.

Washegari na kai wa shugaban sashe takardun. Ya karanta, ya girgiza kai, ya ce sunaye sun daɗe da wucewa sama, har an tura sababbin malamai inda aka cire tsofaffi. Na rubuta koke sau biyu, ba a ko amsa mini ba.

Ranar wata Asabar na shiga motar Doguwa, daga nan na hau babur muka bi hanyar daji. Na same shi a gona a gindin dutse yana ɗaure dawa, dogo, siriri, farin gemu. Da na faɗi ko ni wane ne, sai ya ajiye igiya ya shimfiɗa mini buzunsa. Ya fara gaishe ni, tiryan-tiryan, bai tsallake komai ba, ni kuwa kaina a ƙasa ina amsawa. Da ya gama na ce, “Baba, laifi na zo amsawa.” Na zaro takardun na gaya masa komai, har da cewa na nemi a gyara abin ya gagara.

Ya daɗe yana kallon zaren da ya ɗinke su da shi.

“Ashe ba ka gani ba,” ya ce. “Ni na ɗauka ka gani ne, ka ga shirme. Shi ya sa na ji kunyar sake damunka.”

Na ce ya yafe mini, aikinsa na raba shi da shi. Ya ɗaga hannu ya ce wannan ya wuce, an kawo wani matashi, kuma yaran suna zuwa. Sannan ya matso, ya sa yatsa a kan amsar ƙwaryar nono.

“Allah gafarta Malam, wannan fa? Daidai ne?”

Na ce daidai ne, Baba, duka daidai ne.

Ya sauke numfashi. “To alhamdu lillahi. Shekara ashirin da wani abu haka nake koya musu. Tun da takardarka ta zo nake cewa ashe ɓatar da 'ya'yan mutane na yi ta yi.”