Gurbin Suna a Takardar Tangaraho

A farkon shekarun saba'in ni ne a tagar tangaraho a gidan wayar Potiskum. Aikin ba wuya, mutanen ne wuya. Mutum zai zo ya juye maka zance kamar an kwance buhun gero, kai kuma ka tsince shi ka zuba gurbi-gurbi: sunan wanda za a ba, inda yake, saƙon, sai mai aikowa. Ma'aikacin da ke karɓa a can ba ya ganin fuskar kowa. Kalmomi ne ke iso masa a jere, ya yanka su bisa wannan tsari. In ka bar gurbin suna fanko, sai ya mai da gari suna, komai ya goce, takarda ta ƙare a kwando.

Wata ranar kasuwar shanu, dab da a rufe layi, wata tsohuwa ta sauko daga motar Gadaka ita kaɗai. Mijinta ne kwance, jiki ya yi nauyi, yana ta neman ɗansa da ya bi shanu zuwa Ibadan. Ta faɗi zangon, ta faɗi gidan fatoman da yake sauka, tiryan-tiryan.

Na ce, "Iya, sunan yaron?"

Ta ce, "Ai ɗan fari ne."

Nan na ajiye biro, don na san na haɗu da gamona. Ita dai tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba, kunyar ɗan fari.

"To a gida me kike ce masa?"

"Yaron nan."

"Iya, gidan fatoma a Ibadan, yaron nan sun fi kaji yawa. A rubuta sunan mahaifinsa mana, a ce ɗan wane."

Ta kalle ni kamar na zage ta. Sunan miji kuma, a bakinta?

Wallahi raina ya ɓaci. Mutum na can yana jan numfashi, mu muna nan muna alkunya da takarda. Na leƙa waje ko zan ga ɗan Gadaka, babu. Na ce to zan jero sunaye, in na zo kan nasa ta gyaɗa kai. Ta ce gyaɗa kai ma ai faɗa ne. Na ce ikon Allah, da kunya tana buga waya da tuni gwamnati ta sallame ni. Na nuna mata agogo, na ce in aka rufe sai gobe, goben kuma ita ta san abin da ta baro a kan tabarma.

Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa taga baya, ta faɗa wa bango. Ban ji ba, motar shanu na gurnani a waje. Dole na ce ta sake. Ta sake. Na cike gurbin, na buga, ta fita ba ko sallama.

Bayan sadakar bakwai wani dogon saurayi ya tsaya a tagata, takardar a hannunsa ta sha ninki. Ya ce ya tarar da mahaifinsa da rai, har sun yi magana. Sai ya tambaye ni wa ya ba ni sunansa, don ya san tsohuwarsa ita kaɗai ta zo.

Na ce ita ce.

"Da bakinta?"

"Har sau biyu."

Ya daɗe yana kallon katakon taga, mutane na bayansa suna gunaguni. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Malam, yaya ta faɗe shi?"

Na buɗe baki na faɗi sunan, amma da muryata ya fito, ba da tata ba. Ya girgiza kai, ya yi godiya, ya tafi.